Na'urar tace iska a gida: wace ƙira ce ke aiki ba hayaniya, ba kuma tsada?

Duk wanda ya fara neman na'urar tace iska zai tarar da abubuwa uku suna ja-in-ja: yawan iskar da take tacewa, ƙarar da take yi, da kuɗin da take ci. Da wuya a samu ukun sun daidaita a na'ura guda, amma akwai ƙirar da ta fi wata kusantar hakan. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Me na'urar take cirewa, tunda ido ba ya ganin komai a iskar ɗakin?

Ƙurar da ake gani tana yawo a hasken taga ba ita ce babbar damuwa ba, domin hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Abin da ya fi illa shi ne ɓurɓushin da ake kira PM2.5, wato wanda faɗinsa bai wuce maikromita 2.5 ba. Silin gashin mutum ya kai kusan maikromita 70, ka ga kuwa ido ba shi da yadda zai yi ya gan shi. Yana fitowa daga hayaƙin girki, taba, motoci, kyandir da gobarar daji, yana ratsawa har can ƙuryar huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara ma'auninta: kada matsakaicin PM2.5 ya wuce maikrogram 5 a kowace kubik mita ta iska a shekara, ko 15 a yini guda. Filtar da ke kama wannan ɓurɓushi ita ce kuma ke kama ƙurar furanni, ƙwayoyin fumfuna, da ƙananan ɗigon numfashi masu ɗauke da cututtuka irin su mura.

Ƙira iri nawa ake kwatantawa?

In aka cire ado da fitilu, kowace na'urar kirki abu biyu ce: fanka da filta. Bambancin yana wajen irin fankar, irin filtar, da faɗinta.

Akwai ta kanti, mai filtar HEPA (filta mai cushewar zaruruwa da ke kama kusan duk ɓurɓushin da ya bi ta cikinta) da fanka mai siffar ganga a cikinta. Akwai mafi sauƙin duka, wato a ɗaure filta guda a jikin fanka. Wani Ba'amurke mai suna Thomas Talhelm ya yi haka a birnin Beijin a 2013, ya auna ya ga tana aiki, daga nan ya kafa kamfanin Smart Air. Sai akwatin Corsi-Rosenthal, wanda ake haɗa filta huɗu ko biyar su zama akwati, a ɗora babbar fanka mai kusurwa huɗu a kai. Na baya-bayan nan shi ne akwatin da aka cire masa babbar fankar aka jera masa ƙananan fankokin kwamfuta. Yawancin muhawarar tana tsakanin ta farko da biyun ƙarshe ne.

Wane adadi zan duba kafin komai?

CADR. Shi ne yawan tsabtatacciyar iskar da na'ura ke fitarwa a cikin wani lokaci, kuma lissafinsa ba wuya: yawan iskar da ke ratsa filtar, a ninka da kason ɓurɓushin da filtar ke kamawa. Wasu kamfanoni suna rubuta shi da kubik mita a awa, na Amurka kuma da kubik ƙafa a minti, cfm. Cfm ɗaya daidai yake da kubik mita 1.7 a awa. A kula da wannan, domin mai sayarwa kan rubuta babban adadin ya yi shiru a kan ma'aunin.

Yanzu ka auna ɗakinka. A ce tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 4, tsayinsa mita 3: kubik mita 48 ke nan. A 2023 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar a riƙa sauya iskar ɗaki da tsabtatacciya aƙalla sau 5 a awa. Sau 5 na 48 ya ba da 240, saboda haka kana buƙatar CADR na kubik mita 240 a awa, kimanin cfm 140. Da wannan ƙarfin, in an rufe ƙofa kuma ba wani sabon hayaƙi da ke shigowa, kashi 90 cikin 100 na ɓurɓushin zai tafi cikin kusan minti 28. In sau 2 ne kawai a awa, sai an haura awa guda.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne CADR ɗin da ke jikin kwali an auna shi ne na'urar tana kan lambar ƙarshe, inda take ƙugi. Ba mai barci da ita a haka. Tambayar da ta dace ita ce: nawa take fitarwa a lambar da zan iya jurewa dare da rana?

Ba HEPA ce ta fi kowace filta ba? Me ya sa ake yabon MERV 13 da ba ta kai ta ba?

A wucewa guda, HEPA ta fi MERV 13 nesa ba kusa ba. Ma'aunin Amurka ya ce ta kama kashi 99.97 cikin 100 na ɓurɓushi mai maikromita 0.3, wanda yake cikin mafiya wuyar kamawa. A ma'aunin Turai, H13 tana kama 99.95, H14 kuma 99.995. Asalinta tun shekarun 1940 ne, a aikin makamin nukiliya na Amurka, inda ba a son ko ɗigo ya tsere. MERV 13 kuwa, wadda aka yi don na'urorin sanyaya gine-gine, an lamunce mata kama aƙalla rabin ɓurɓushi mai maikromita 0.3 zuwa 1, kashi 85 na mai 1 zuwa 3, da kashi 90 na mai 3 zuwa 10. A takarda ba a ma haɗa su.

Sai dai ɗakin kwana ba ɗakin tiyata ba ne. Iskar ɗaki ba sau ɗaya take bi ta filtar ba. Tana zagayowa ne tana sake bi, kuma abin da ya tsere yanzu za a same shi a zagaye na gaba. Ga misali: na'ura mai HEPA da ke tura kubik mita 100 a awa, CADR ɗinta kusan 100 ne. Wata mai MERV 13 da ke tura 400, ko da rabi kawai take kamawa, CADR ɗinta 200 ne. Ta biyun ta ninka ta farko duk da filtarta ba ta kai ba. Kamar mai kwalfe ruwa ne daga kwalekwalen da ke yoyo: wanda ke da babban bokiti mai ɗan ɗiga ya fi mai ƙaramin kofi lafiyayye saurin gamawa.

Dalilin da ya sa MERV 13 ke barin iska da yawa ta wuce shi ne zaruruwanta ba su cushe kamar na HEPA ba. HEPA tana tare iska sosai, dole a sa mata fanka mai ƙarfin turi, ƙarfin nan kuwa da ƙara da cin wuta yake zuwa. A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci a duk maganar. Mutane da yawa suna biyan kuɗi mai yawa don 99.97, su kai gida su sa na'urar a lamba ɗaya saboda hayaniya, su ƙare da iskar da ba ta kai sulusin abin da suka saya ba.

To me ke sa wata na'urar ta yi shiru, wata ta cika ɗaki da ƙugi?

Faɗin filta da saurin juyawar fanka. In aka tilasta wa iska mai yawa ta bi ta ƙaramar filta, dole ta bi da gudu, filtar ta ƙara turjiya, fankar ta ƙara wahala. In aka shimfiɗa wannan iskar a kan filta mai faɗi sau huɗu, sai ta ratsa a hankali, turjiyar ta faɗi. Shi ya sa ake ninke filta ninki-ninki, kuma shi ya sa mai kaurin inci 2 ta fi mai inci 1, don ninkinta ya fi zurfi.

Wajen fanka kuma, ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita tana nuna cewa in ka rage saurin juyawa da rabi, iskar za ta ragu da kusan rabi, amma ƙarar za ta faɗi da kimanin desibel 15 (desibel shi ne ma'aunin ƙara). In ka haɗa fanka biyu iri ɗaya wuri guda, ƙarar tana ƙaruwa da desibel 3 kacal. Haɗa lissafin: fanka biyu a rabin gudu suna ba da iskar fanka ɗaya mai cikakken gudu, amma da ragin desibel 12 ko kusa da haka. A kunnen mutum, ragin desibel 10 yana jin kamar an raba ƙarar biyu. Duk ƙirar da ta yi suna wajen shiru, a kan wannan lissafin ta tsaya: filta mai faɗi, fanka da yawa, gudu kaɗan.

Kwalin ya ce desibel 24. In yarda?

Ka yarda, amma ka san a lambar barci aka auna, lokacin da na'urar kusan ba ta tura komai. Ka kuma nemi sanin nisan da aka tsaya, domin a fili duk lokacin da aka ninka nisa ƙarar na raguwa da kusan desibel 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da desibel 30 a matsayin iyakar ƙara mai ɗorewa a ɗakin kwana da dare, da 35 a aji. Hirar yau da kullum tana kusan 60. Akwai kuma abin da adadi ba ya nunawa: shuu mai laushi a desibel 40 ta fi daɗin zama a kan siririn fito ko ƙas-ƙas a 35. In da hali, ka ji na'urar da kunnenka kafin ka biya.

Yaya ake haɗa akwatin Corsi-Rosenthal, kuma da gaske yana aiki?

An yi shi ne a 2020, lokacin annobar korona. Richard Corsi, injiniyan muhalli wanda a lokacin yake shugabantar tsangayar injiniya a Jami'ar Jihar Portland, shi ya kawo tunanin. Jim Rosenthal, shugaban wani kamfanin filta a Teksas, ya haɗa ya gwada.

Kayan su ne filta huɗu na MERV 13 masu inci 20, fanka mai kusurwa huɗu mai inci 20, kwali da salatif mai ƙarfi. Za ka tsayar da filtocin su zama bango huɗu. A gefen kowace filta akwai kibiya da ke nuna inda iska za ta bi. Duk kibiyoyin su kalli ciki. Ka bi kowace mahaɗa da salatif, ka toshe ƙasa da kwalin da fankar ta zo a ciki, ka ɗora fankar a sama tana hurawa sama, ka liƙe gefunanta kada a bar kafa ko ɗaya. Iska ba ta son wahala, in ta samu rami za ta bi ta nan ta bar filtar.

Akwai ƙaramar dabara da ke ƙara masa ƙarfi. Fukafukan fankar zagaye suke yi, gidanta kuma mai kusurwa ne, don haka a kusurwoyin nan huɗu iska kan koma ciki ta baya. In ka riƙe ɗan guntun takarda mai laushi a wajen, za ka ga ana zuƙarsa maimakon a hura shi. Sai ka yanka kwali mai rami zagaye a tsakiya ka rufe kusurwoyin.

Batun aiki kuwa, wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis da aka wallafa a 2022 ya auna akwati mai filta biyar ya samu CADR tsakanin cfm 600 da 850, gwargwadon lambar da fankar take. Na'urorin kanti kaɗan ne ke kai wannan. Aibinsa biyu ne: yana cin wuri, kuma yana da ƙara ko a lamba ɗaya. Ya dace da falo, aji ko wajen aiki, ko ranar da hayaƙi ya turnuƙe gari. A gefen gado, mutane da yawa ba sa iya jure shi.

Ina amfanin fankar kwamfuta a nan?

Ita ce ta magance aibin nan na ƙara. Masu ƙera kwamfuta sun daɗe suna gasar yin fanka marar hayaniya, sai masu haɗa akwatin suka ci gajiyar wannan. Ana jera fanka mai milimita 120 ko 140, daga biyar zuwa tara, a jikin akwati mai filta biyu ko huɗu. Kowace tana aiki da bolt 12, tana cin wat 1 zuwa 2. Akwatin yakan zama siriri, ya jingina da bango, kuma ƙararsa shuu ce mai laushi da mutum ke mantawa da ita. Ba ya kai babbar fanka yawan iska, amma a matakin ƙarar da ake iya barci, da wuya wata ƙira ta kamo shi. Kamfanoni irin su CleanAirKits, Nukit da AirFanta suna sayar da shi a kwance mutum ya haɗa da kansa, wasu kuma suna yanka katako ko kwali mai kauri su yi nasu.

A kiyaye abu biyu. Fankar kwamfuta ba ta da ƙarfin turi sosai, don haka in ka manna ta a ƙaramar HEPA mai kauri za ta yi ta juyawa ba iskar kirki. Faɗin filta take so. Sannan a sa mata ragar kariya ciki da waje in akwai yara a gidan.

Ni dai in ɗakin kwana ake magana, wannan ƙirar nake fara ba da shawara. Tunda bolt 12 take amfani da shi, ana ma iya kunna ta da batir in wuta ta ɗauke.

Ke nan sayen ta kanti asara ce?

A'a. Ba kowa ke da lokaci ko sha'awar yanke-yanke da liƙe-liƙe ba, kuma ta kanti ba ta cin wuri, tana da kyan gani, ba ta da wayoyi a waje. Dabarar ita ce a sayi wadda ta fi ƙarfin ɗakin, a bar ta a lambar tsakiya. Ƙananan nan da ake ɗorawa a tebur su ne suka fi yaudara: suna da arha, amma iskar da suke tacewa ba ta isa ko ƙaramin ɗaki ba. In kamfani bai rubuta CADR ba sam, sai dai "ta isa ɗaki mai girma kaza", ka wuce.

Wacce ta fi arha in an yi lissafin shekara da shekaru?

Kuɗin saye somin-taɓi ne. Filta da wuta su ne ke ci a hankali. Na'urar kanti takan zo da filtar da ita kaɗai ke shiga, kamfanin ne ke yanka farashi, in kuma ya daina yin ta shi ke nan na'urar ta zama kayan ado. Akwatunan haɗi suna amfani da filta mai girman da kamfanoni da yawa ke yi, ko da yake ba a kowace ƙasa ake samun MERV 13 cikin sauƙi ba, don haka a bincika wannan kafin a fara.

Wajen wuta, na'ura mai wat 10 da ke aiki ba tsayawa tana cin kusan kilowat-awa 88 a shekara. Mai wat 70, irin abin da babbar fanka kan ci, tana cin fiye da 600. Babbar fanka ta fi arha ranar saye, ƙananan sun fi arha a zama.

Na ga masu cewa suna kashe ƙwayoyin cuta da caji, ko ozon, ko hasken UV.

Mai fitar da ozon da gangan, kada ka shigar da ita ɗakin da mutane ke zaune. Ozon yana ƙona hanyoyin numfashi, yana tayar da asma, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kansa. Jihar Kalifoniya ta hana sayar da na'urar gida da ke fitar da fiye da kashi 0.05 cikin miliyan. Masu harba caji cikin iska suna sa ɓurɓushi ya manne a bango da kayan ɗaki, wasunsu kuma suna fitar da ozon kaɗan. In na'urarka tana da maɓallin wannan, ka kashe shi ka bar fanka da filta su yi aikinsu. Ƙaramar fitilar UV a cikin na'ura kuwa, iska tana wuce ta cikin ƙiftawar ido, lokacin bai isa ya yi wani abin a zo a gani ba.

Za ta cire wari da iskar gas?

Filtar ɓurɓushi ba ta kama gas. Wannan aikin sarrafaffen gawayi ne, kuma nauyinsa ake dubawa. Siririn baƙin mayafin da ake sawa a yawancin na'urori yakan cika da wuri. Gawayin da zai yi aiki na dogon lokaci sai ya kai kilo, shi kuma yana tare iska ya ƙara ƙara.

Wannan kuma a riƙe shi da kyau: babu ɗaya daga cikin na'urorin nan da ke cire kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke fitowa daga injin janareta, garwashi da murhun da bai ci da kyau ba. Tana kisa a cikin barci. Maganinta fitar da abin da ke ƙonewa waje, buɗe taga, da na'urar ƙararrawa ta musamman.

Tsirrai fa?

Suna da kyau a ɗaki, amma ba sa wannan aikin. Gwajin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi da tsirrai a 1989, wanda ake yawan ambata, an yi shi ne a rufaffun ƙananan akwatuna, kuma a kan gas ne, ba ƙura ba.

Fankar da aka liƙa wa filta ba za ta yi zafi ta kama wuta ba?

An gwada wannan a ɗakin binciken Underwriters Laboratories, cibiyar gwada amincin kayayyaki a Amurka, a 2021, har da filtocin da aka toshe da gangan, ba a samu gobara ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a yi amfani da fankar da aka ƙera daga 2012 zuwa sama, mai fiyus a filoginta. Tsohuwar fanka mai tsagaggiyar waya, ko wadda ke warin ƙuna, ba ta wannan aikin ba ce.

Zan iya wanke filtar in ta yi datti?

A'a, sai dai ragar farko mai tare gashi da manyan ƙura, in akwai. Yawancin filtocin MERV 13 da HEPA na gida suna ɗauke da cajin lantarki a zaruruwansu wanda ke janyo ɓurɓushi, ruwa kuwa yana lalata cajin da saƙar gaba ɗaya. Filtar za ta fito fes a ido, amma ta daina aiki. Canjin launi zuwa toka-toka ba alamar mutuwa ba ce. Yawanci takan kai wata 6 zuwa shekara, ƙasa da haka in ƙura ko hayaƙi sun yi yawa. In ka sa hannu ka ji iskar ta ragu sosai, lokaci ya yi. Ka rubuta ranar da ka sa ta a gefen kwalinta da biro.

Ta yaya zan tabbatar tana aiki, kuma a ina zan ajiye ta?

Ƙaramin ma'aunin PM2.5 mai hasken leza ya isa. Ka rufe ƙofa da taga, ka kunna ashana biyu ko uku ka kashe su hayaƙin ya bazu, ka ga adadin ya hau. Ka kunna na'urar ka duba minti nawa zai ɗauka ya faɗi zuwa rabi. Ka maimaita ba tare da na'urar ba, sannan a kowace lamba. A nan za ka san abin da lambar barci ke yi da gaske. A ajiye ma'aunin nesa da na'urar, kusa da inda ake zama, domin wanda ke jikin na'urar iskar da ke kewaye da ita kawai yake gani. Shi ya sa tsarin da na'ura ke daidaita gudunta da kanta yakan rage gudu tun ɗakin bai gama tsabta ba, kuma ba ya ganin ɗigon numfashin mai mura balle ya ƙara gudu dominsa.

Wajen ajiyewa, a bar tazara tsakanin fuskar filta da bango, kada labule ko kujera su tare ta. In guda ɗaya ce a gidan, ɗakin kwana za a kai ta, tunda nan ake shafe awanni mafi yawa a jere. A rufe ƙofar ɗakin lokacin da take aiki, in kuma ana girki, a fara fitar da hayaƙin ta taga kafin a bar mata sauran.